Yadda ake mayar da tsohon rubutun hannu ya zama matanin da kwamfuta za ta iya bincika

A watan Janairun 2013 'yan bindiga sun cinna wa dubban rubuce-rubucen hannu wuta a Cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu. A Satumban 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Brazil da ke Riyo de Janeiro. Duk wanda ya ji irin wannan labari hankalinsa kan tashi, ya ɗauki kyamara ya hau ɗaukar hoton duk takardar da ta zo hannunsa. Niyyar tana da kyau, amma hoto rabin aiki ne. Kwamfuta ba ta san abin da ke cikin hoto ba, don haka ba za ka iya ce mata ta nemo maka sunan wani malami a cikin shafi dubu biyar ba sai an bi waɗannan matakai.

Mataki na 1: izini da rajista

Kafin ka taɓa kyamara, nemi izinin mai takardun a rubuce, ku daddale kan abin da za a saka a intanet da abin da zai tsaya a tsakaninku. Sannan ba kowane kundi lambarsa, ka buɗe jadawali: sunan aikin, mawallafi, wanda ya kwafa, shekara, harshe, yawan ganyaye, da wurin da aka samo shi. Tsarin Dublin Core na rubuta irin waɗannan bayanan kundi, wanda aka faro a 1995, yana da gurabe 15 kuma ya wadatar da mai farawa. Idan ganyayen a warwatse suke, kada ka sake jera su kafin ɗaukar hoto. Yadda ka same su ma shaida ce. Daga baya kalmar da magatakarda kan rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, za ta nuna maka jerin asali.

Mataki na 2: ɗaukar hoto

Kafa kyamara a kan sanda tana kallon ƙasa, ka sa fitila ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce a karkace kamar digiri 45, ka kashe filasha. Shimfiɗa baƙin ƙyalle, ka ajiye rula da katin launuka a gefen takardar domin wanda zai duba hoton bayan shekaru ya san girmanta da ainihin launin tawadar. Kada ƙarfin hoton ya gaza ɗigo 300 a kowane inci. Ajiye hoton asali a tsarin fayil na TIFF, wanda ke riƙe cikakken ingancinsa, ka yi aikin yau da kullum da kwafin JPEG marar nauyi. Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga, domin safa tana rage jin yatsu har a yaga takarda ba a sani ba. Ɗauki bango, da shafukan da babu rubutu, da gefen shafi gaba ɗaya, don sau da yawa a gefen ne ake samun sunan mai littafi da sharhin ɗalibai. Sunan fayil ya fara da lambar kundi sannan 0001, 0002, domin jerin ya tsaya daidai.

Mataki na 3: ajiya

Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gini daban. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan laser, amma kafin a cika shekara ashirin na'urar da ke karanta shi ta yi wuyar samu, alhali Domesday, kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila na 1086 da aikin ya kwaikwaya, har yau ana karanta shi. Saboda haka zaɓi tsarin fayil da kowace manhaja ke buɗewa.

Mataki na 4: koya wa kwamfuta hannun marubucin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane da yawa ke sarewa. Idan bugun inji ne, manhajar Tesseract ta kyauta kan yi abin kirki. Rubutun hannu kuwa sai an horar da na'ura. Transkribus, wadda ta samo asali daga Jami'ar Innsbruck a Ostiriya, da eScriptorium, da aka ƙera a Paris a kan manhajar karanta rubutu ta Kraken, su ne aka fi amfani da su, kuma ta biyun ta yi suna wajen rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu irin Larabci da Ajami.

Za ka zauna ka kwafe shafuka da hannunka, layi bayan layi, kowane layi a haɗe da hotonsa. Masu Transkribus suna ba da shawarar kalmomi 5,000 zuwa 15,000 na hannu ɗaya, wato kusan shafi 25 zuwa 75. Ƙa'idar da nake roƙon kowa ya riƙe ita ce: kwafi abin da ke kan takardar, ko da kana ganin kuskure ne. Idan marubucin ya tsallake ɗigo ko ya rubuta kalma ɗaya iri biyu, bar ta haka. Ranar da ka fara gyara masa, na'urar za ta koyi ganin abin da babu, kuma ka shafe alamar da za ta nuna karin harshensa ko zamaninsa. Rubuta dokokinka a takarda guda: yadda za ka nuna wurin da gara ta ci, da kalmar da aka soke, da wadda ba ta karantuwa. In ku biyu ne ko uku, kowa ya bi takardar nan sau da ƙafa. Yi amfani da haruffan Unicode kawai, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai ɗaya a duniya.

Ware kashi goma cikin ɗari na shafukan, kada na'urar ta gan su lokacin horo, da su za ka gwada ta. Idan kuskurenta bai kai harafi goma cikin ɗari ba, matanin ya isa a yi nema a cikinsa. Don wallafawa kuwa dole mutum ya bi shi da ido. Gyara sababbin shafukan da ta karanta, ka mayar mata da su ta sake horo.

Mataki na 5: sanya alamomi

Yi wa sunayen mutane, garuruwa da shekaru alama bisa TEI, ƙa'idar sanya wa matani alamomi a kwamfuta, wadda masana suka faro a 1987. A nan ne za ka iya ajiye kalmar asali tare da gyararriyar siffarta ba tare da ka rasa ko ɗaya ba.

Mataki na 6: yi wa matanin tambaya

Zuba shi a manhajar ƙirga kalmomi irin Voyant Tools ko AntConc ka ga kalmomin da suka fi yawa da waɗanda ke tafiya tare. Hanyar tsohuwa ce. Tun 1949 Roberto Busa, wani limamin Katolika ɗan Italiya, ya nemi taimakon kamfanin IBM don jera kalmomin ayyukan Thomas Aquinas, wani babban malamin Katolika. A 1964 masana ƙididdiga biyu, Mosteller da Wallace, suka ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ke amfani da su ba da saninsa ba, suka danganta 12 daga maƙalun Federalist masu kare kundin tsarin mulkin Amurka, waɗanda ake taƙaddama kan wanda ya rubuta su, ga James Madison. Haka kai ma za ka iya gwada ko waƙoƙi biyu na mutum ɗaya ne. Amma duk abin mamakin da ƙirga ta nuna maka, koma ga hoton shafin ka gani da idonka, domin sau da yawa bambancin rubutun magatakarda ne ko kuskuren na'ura.

Idan za ka saka aikin a intanet, bi IIIF, tsarin bai ɗaya na nuna hotunan takardu a intanet, domin masu bincike su iya jera shafinka kusa da na wani ɗakin karatu su kwatanta. Kafin nan, kai wa mai takardun cikakken kwafinsa, hotuna da matani da jadawali.