Yadda ake saita sauti a zauren wasan kwaikwayo

Yawancin zaurukan da ake wasa a nan Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, bangon siminti ne da rufin kwano, to irin wannan ɗaki ko ka ƙure sifika magana ba za ta fito ba, hayaniya kawai za ka ƙara.

Kafin ka jona komai, tsaya tsakiyar zauren ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara. In ƙarar ta daɗe tana yawo, akwai amsa-kuwwa. Sauti na gudun kusan mita 340 a sakan guda, ya bugi bango ya dawo, in bangon ya kai mita 17 daga inda kake sai ka ji kalma ɗaya sau biyu. Maganinsa ba tsada, rataya barguna ko darduma ko labule mai kauri a bangon baya. Jikin mutane ma na shanye sauti, shi ya sa abin da ka ji lokacin gwaji zaure wayam zai canza in an cika.

Sai ajiye sifika. Ta kasance gaba da makirfo, tana kallon 'yan kallo, a ɗaga ta sama da kawunansu. Makirfo na fuskantar sifika ne ke jawo wannan kukan fiiii mai tsaga kunne. In a fili ake wasan, duk sanda nisa ya ninka sauti na raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), don haka gara ka ƙara wata sifikar a tsakiya da ka kurmantar da na gaba saboda na baya.

A mikisa kuwa, wato na'urar da ake haɗa sauti a daidaita shi, a nan samarinmu ke ɓata aiki, sun saba da kiɗan biki sai su cika bes, wato sauti mai kauri, ƙirji na girgiza amma ba wanda ya gane me jarumin ya ce. Kunne na ji daga hertz 20 zuwa 20,000 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), amma tsabtar magana, su s da t da k, tana wajen 2,000 zuwa 4,000. Rage bes a makirfon 'yan wasa, ka ɗan ɗaga wajen 2,000 zuwa 4,000 ɗin nan kaɗan kawai.

Daga nan kunna fankoki yadda za su kasance ranar wasa, janareta a kai shi nesa, ka je kujerar ƙarshe ka zauna wani ya yi magana da muryarsa ta kullum. Da manhajar awon ƙara a waya ka duba, desibel 85 na tsawon awa 8 na lahanta ji. In sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka, rage.