Yadda za ka fitar da sabar Linux ta ƙofofin intanet biyu

A ce sabarka tana da layi biyu: eth0 mai adireshi 192.168.1.10 da ƙofa (gateway, na'urar da saƙo ke bi ya fita intanet) 192.168.1.1, sai eth1 mai 10.0.0.10 da ƙofa 10.0.0.1. Babban teburin Linux, wato jerin hanyoyin da yake dubawa ya san inda zai tura saƙo, ƙofa ɗaya yake bi, shi ya sa saƙon da ya shigo ta eth1 amsarsa ke fita ta eth0, kamfanin layin kuma ya yar da ita tunda adireshin ba nasa ba ne.

Ka ba layi na biyu teburinsa. Rubuta "200 layi2" a /etc/iproute2/rt_tables, sannan:

ip route add 10.0.0.0/24 dev eth1 table layi2
ip route add default via 10.0.0.1 table layi2
ip rule add from 10.0.0.10 table layi2

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne rp_filter, saitin Linux da ke duba ko fakiti (guntun saƙo) ya shigo ta layin da ya kamata. Muddin yana kan 1, sabar da kanta za ta riƙa zubar da fakitin da take ganin ya ɓata hanya, ba tare da ta faɗa maka ba. Mayar da net.ipv4.conf.all.rp_filter zuwa 2, wato ka sassauta binciken.

Gwada da ip route get 8.8.8.8 from 10.0.0.10, dole ka ga eth1. Waɗannan umarnin suna gogewa da zarar an sake kunna na'ura, sai ka adana su a Netplan ko NetworkManager, manhajojin da ke riƙe saitin layukan sabar.