Bayan bugun zuciya: kurakuran da ake tafkawa wajen rage kitsen jini

Wanda Allah ya tashi kafaɗunsa daga bugun zuciya yakan bar asibiti da leda cike da magani. Akwai asfirin, akwai na hawan jini, akwai kuma wata ƙwaya da ake kira sitatin, wadda za ka ga an rubuta atorvastatin, rosuvastatin ko simvastatin a jikin kwalinta. Aikinta rage kolastirol, wato kitsen da ke yawo a jini, musamman mugun nau'insa da takardar gwaji ke kira LDL. Ita ce kuma mutane suka fi saurin ajiyewa, domin kitsen jini ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi. Shiru yake liƙewa a bangon jijiya har ranar da ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe.

Babban kuskure shi ne ɗaukar sitatin kamar maganin maleriya, a sha na 'yan kwanaki a warware. Bayan wata uku mutum ya yi gwaji, ya ga lamba ta sauko, sai ya ce alhamdulillahi, ya daina. Alhali maganin ne ya danne lambar. Mafi yawan kolastirol ɗin da ke jininka hantarka ce ke haɗa shi, ba daga kwanon tuwo yake zuwa ba, sitatin kuwa hantar yake taka wa birki. Ka ɗage ƙafa, cikin 'yan makonni ta koma gidan jiya. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Sikandinebiya kan masu ciwon zuciya 4,444. Waɗanda aka ba simvastatin, mace-mace a cikinsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 cikin shekara biyar da 'yan kai. Tun daga lokacin likitocin zuciya suke ɗaukarsa maganin rayuwa ga wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa. Gyaran wannan kuskure ba shi da wata dabara: kada ka daina sai likitan da ya rubuta ya ce ka daina, kuma ka sayi sabon kwali tun tsohon bai ƙare ba.

Akwai kuma ruɗin da takardar gwaji kan jawo. A gefen sakamakon za ka ga an buga iyakar da ake cewa lafiya lau, mutum ya duba ya ga yana ciki, hankalinsa ya kwanta. Wannan iyaka ta mai lafiya ce. Kai da jijiyarka ta taɓa toshewa ma'auninka daban ne. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, a ƙa'idarta ta 2019, ta ce LDL ɗinka ya sauka ƙasa da 1.4 a ma'aunin mmol/L, wanda ya yi daidai da 55 a ma'aunin mg/dL, kuma ya ragu da aƙalla rabin yadda yake da farko. Ka lura da wane ma'auni ɗakin gwajin ya yi amfani da shi, don wasu mmol/L suke rubutawa, wasu mg/dL. Ana sake gwaji tsakanin mako 4 zuwa 12 da fara magani. Idan ba a kai ba, likita kan ƙara ƙarfinsa ko ya haɗa maka da ezetimibe, wadda ke hana hanji tsotsar kolastirol.

Shi ya sa bayan bugun zuciya aka fi ba da mai ƙarfi, atorvastatin miligiram 40 zuwa 80 ko rosuvastatin 20 zuwa 40. Na san tsadar magani na sa wasu raba ƙwaya biyu, ko shan yau a tsallake gobe. Gara ka faɗa wa likita gaskiya aljihu ya yi rauni. Atorvastatin ya daɗe da fita daga hannun kamfani ɗaya, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya. A Najeriya ka dai tabbatar akwai lambar NAFDAC, kuma ka saya a kantin magani na ƙwarai.

Sai maganar ciwon jiki, inda na fi jin tausayin mutane. Dattijo ya fara sha, cinyoyi su fara tsami, wani a majalisa ya ce ai wannan ƙwaya tana cinye tsoka, shi ke nan an jefar. Ciwon tsoka daga sitatin gaskiya ne, yana faruwa, amma ba yadda ake zuzuta shi ba. A 2020 masu bincike a Landan suka ɗauki mutum 60 da suka daina sitatin saboda ya dame su. Aka ba kowa kwalabe 12, kowace ta wata guda: huɗu da maganin gaske, huɗu da ƙwayar bogi mai kama da shi, huɗu babu komai a ciki. Kullum suna rubuta yadda suke ji. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da maganin gaske, sun ji shi da na bogin ma. Da aka nuna musu sakamakonsu, rabinsu suka koma shan magani. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon suna jinsa, sai dai tsoron ƙwayar ya fi ƙwayar kanta hannu a ciki.

To idan jikinka ya yi tsami, koma asibiti. Ana iya canja maka wani nau'in, ko a rage a haɗa da ezetimibe. Inda ba a jira shi ne idan ciwon ya yi tsanani, ƙarfi ya ƙare, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Wannan alamar tsoka na narkewa ce, tana iya taɓa ƙoda, a ranar za ka ga likita. Ba kasafai ake ganinta ba, kuma sau da yawa haɗa magunguna ne ke jawo ta. Clarithromycin da erythromycin, da ake saya a kemis don tari, ba sa jituwa da simvastatin da atorvastatin. Haka babban lemun nan mai ɗaci da ake kira girefurut. Duk mai rubuta maka magani, gaya masa kana kan sitatin.

Wasu kuma sukan musanya ƙwayar da tafarnuwa, man kifi, kirfa ko kurkum. An gwada wannan kai tsaye a asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka a 2022. Cikin kwana 28, rosuvastatin mafi ƙanƙanta, miligiram 5 kacal, ya sauke LDL da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Kayan ƙarin nan guda shida da aka gwada, babu wanda ya fi ƙwayar bogi. Gaskiya ne kamfanin da ke yin rosuvastatin ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma kwana 28 ba su da yawa, amma tazarar ta yi faɗin da ba za a ce son kai ne kawai ba. Ban ce ka zubar da zumarka ko habbatus sauda ko man zaitun ba. Ka sha abinka, ka sanar da likita, amma kada su hau kujerar sitatin. Jar shinkafar nan ta Sin da ake tallatawa a intanet kuwa, sinadarin da ke cikinta iri ɗaya ne da tsohon sitatin mai suna lovastatin, sai dai babu wanda zai tabbatar maka nawa ke cikin kowace ƙwaya. Haɗa ta da maganin asibiti ninka sha ne a makance.

A ɓangaren abinci, ƙwai aka ɗora wa karan tsana, alhali ba shi ne babban mai laifi ba. Abin da ya fi tayar da LDL shi ne mai da kitse masu daskarewa: man shanu, kitsen rago, fatar kaza, man kwakwa, da manja, wanda kusan rabinsa irin wannan ne. Za ka ga gida an hana maigida ƙwai, amma manja na iyo a kan miyarsa, da daddare kuma a kawo tsire da kitse-kitsensa. Rubutun "babu kolastirol" a jarkar mai shi ma wayon talla ne, don dama duk man da ya fito daga tsiro ba shi da shi. A rage yawan man, a koma na gyaɗa ko waken suya, a daina maimaita suya da mai ɗaya har ya yi baƙi. Wake, kuɓewa, gero da dawa da ba a surfe su tas ba, zogale, da kifi sau biyu a mako, duk suna taimakawa. Shan taba sigari kuwa babu ciniki a kansa, dainawa ake yi. Abinci kaɗai da wuya ya kai mai bugun zuciya ga 1.4, haka wanda ya ce tunda yana shan ƙwaya zai ci balangu son ransa, shi ma ya rage wa kansa riba.

Azumi ba hujjar dainawa ba ce. Sau ɗaya ake sha a rana, sai a mayar da shi bayan buɗa-baki. Simvastatin dama da dare aka fi so a sha, atorvastatin da rosuvastatin kuwa kowane lokaci, muddin dai lokaci ɗaya ne kullum. Mace mai juna biyu ko mai shirin ɗauka ta yi magana da likita da wuri. Idan kuma zuciyarka ta buga kana ƙasa da shekara 55, ka tura 'yan uwanka da 'ya'yanka su yi gwaji, domin akwai yawan kolastirol na gado da ke shafar kusan mutum 1 cikin 250, siriri da mai ƙiba duka.