Yadda ake shirya sabon faifai domin rumbun bayanai a gungun sabobin SQL Server

Masu kula da rumbun bayanai a ofisoshin Legas, daga Marina zuwa Ikeja, sukan ci karo da wannan matsala: an ƙaro faifai daga SAN, wato ma'ajiyar bayanai ta bai ɗaya da sabobi (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) ke amfani da ita, Windows na ganinsa sarai, amma SQL Server, manhajar da ke sarrafa rumbunan bayanai, ya ƙi ajiye sabon rumbu a kansa, ya fito da kuskure mai lamba 5184. Dalili kuwa shi ne, a gungun sabobin da ke karɓar aiki daga juna idan ɗaya ta tsaya, SQL Server ba ya taɓa faifan da ba a ɗaure masa ba.

Da farko, mai kula da ma'ajiya zai buɗe wa kowace saba ta gungun hanyar ganin faifan, ta iSCSI ko Fibre Channel, hanyoyin da ake haɗa saba da ma'ajiya. Daga nan sai a shiga saba ɗaya tak, a buɗe Disk Management na Windows, a kunna faifan, a zaɓi GPT a matsayin tsarin rarraba faifan, domin ɗaya tsarin, MBR, ba ya wuce terabait 2. A tsara shi da NTFS, tsarin ajiye fayil na Windows, a sa girman yanki (allocation unit size) kilobait 64, sannan a ba shi harafin da babu wata saba da ke amfani da shi.

Sai a koma Failover Cluster Manager, manhajar kula da gungun, a ƙara faifan ƙarƙashin Disks, a mayar da shi cikin aikin (role) SQL Server ta hanyar Add Storage.

A nan ne akasari ake tsayawa, alhali aikin bai ƙare ba. Dole a buɗe Properties na SQL Server ɗin kansa, a shiga Dependencies, a saka sabon faifan da sharaɗin AND, wato sai duk abin da aka lissafa ya tashi, saɓanin OR da ɗaya ya wadatar. Wannan ɗaurin ne ke sa SQL Server ya jira faifan ya tashi kafin shi ma ya tashi, kuma a gani na, duk wanda ya sa OR a nan ya haƙa wa kansa rami. Domin tabbatarwa, a duba sys.dm_io_cluster_shared_drives, jerin faifan gungu da SQL Server ke gani, inda ya kamata sabon harafin ya bayyana.

Kafin a miƙa wa masu manhaja, a ƙirƙiri rumbun gwaji a kan faifan, a tura aikin SQL Server zuwa wata saba ta gungun, a dawo da shi. Turawar kan yanke masu amfani na ɗan lokaci, saboda haka a nemi izini, a yi ta da daddare ko ranar Lahadi.