Yadda ake zaman sansanin ƙidayar tsuntsaye a fadamar Haɗejiya da Nguru da hunturu

A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, aikin da aka fara tun 1967, kuma fadamar Haɗejiya da Nguru na cikin wuraren da ake ƙirgawa a Najeriya. A lokacin agwagin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai da Rasha sun cika wurin, sun gauraya da namu na gida irin su kirinjijiya da dinya. In an ɗauke ka wannan aiki a Dagona ko Baturiya, garuruwan da ke yankin fadamar, ga abin da nake so ka sani.

Kafin ka kafa tanti, je ka gaida mai gari ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da masuncin da ya san hanyoyin ruwa. Ba na yarda a shiga kwalekwale da wanda ba ɗan wurin ba, domin kachalla, wata doguwar ciyawar ruwa, ta toshe mashigai da yawa, hanyar da aka bi bara ba lallai ta buɗe bana ba. Tantin kuma a kan tudu, ƙofarsa ta ba arewa maso gabas baya, don daga can iska ke kwaso ƙura. Bargo biyu, hular sanyi, safa, man kaɗanya saboda faso. Gidan sauro ma kada ka bar shi wai don sanyi. Bakin ruwa ne.

Ana tashi kafin asuba. A yi salla, a sha shayi mai zafi, a kama hanya tun gari bai waye sosai ba, saboda da hantsi masunta da makiyaya sun fito, tsuntsaye sun watse. Sai dai hazo ne ke da ikon ranar. Wata safiya tsallaken tafki ma ba ka gani, sai kukan kirinjijiya kawai kake ji. Ranar irin wannan kada ka yi kintace. Rubuta cewa hazo ya hana gani, ka jira ya washe.

Ƙirgar kanta tana son natsuwa. Tsaya inda rana ke bayanka, ka kafa madubin hangen nesa ya zauna daram. Ƙaramin garke a bi shi ɗaya bayan ɗaya. In ya kai dubbai, ƙirga goma a gefe guda, ka riƙe faɗinsu a idonka, ka ninka zuwa ɗari, sannan ka riƙa aza wannan ɗarin a kan sauran garken har ƙarshe. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa, ba tare da jin bakin juna ba, na uku yana rubutawa. In lissafin ya yi nisa da juna, a sake. Garke ya tashi kuwa, ku bi shi da ido ku ga inda ya sauka, kada ku sake ƙirga shi a tafki na gaba. Da fensir ake rubutu, don biro ba ya kama takardar da ta jiƙe.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kayan aiki. Kada ka goge gilashin madubi da bakin riga, yashin da ke kai zai karce shi. Hure shi tukuna, sannan ka shafa da kyalle mai laushi. Farantin sola a share shi kullum. Kada ka shiga ruwa ba takalmin roba mai tsawo saboda tsargiya, ruwan sha kuma a tafasa.

Da dare, kafin barci, a kwafe lissafin ranar cikin babban littafi. Wurin da kuka je ba ku ga komai ba, ku rubuta sifili, kada ku bar gurbin haka nan. Wannan yana da muhimmanci a gare ni ƙwarai. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar da ke ciyar da fadamar ta ragu, kuma da irin waɗannan sifilin ne ake nuna wa hukuma tafkin da ya ƙafe. A gefen kowane wuri ku ƙara zurfin ruwa, da inda kachalla ta kai, da ko kun tarar da tarko ko ragar kama tsuntsu.