Yadda za ku rubuta tsarin mulkin ƙungiyarku, ku duba abin da anka yi a Filadelfiya

Salamu alaikum jama'a. Bara ƙungiyarmu ta matasan unguwa nan Mabera ta kusa watsewa, kuɗin wata-wata da munka tara sunka yi ɓatan dabo, da anka buɗe littafi kuma babu inda anka rubuta wa ke da ikon fidda kuɗi ko wa ke sa hannu. Wallahi abin ya yi min zafi, abokan ƙuruciya sunka daina gaisawa. Shi ya sa na zauna na karanta yadda Amurkawa sunka rubuta nasu tsarin mulkin a birnin Filadelfiya a 1787, tun da irinsa Najeriya ta ɗauko a 1979 lokacin Alhaji Shehu Shagari namu.

Kada ku fara rubutu sai kun lissafo abin da ya ɓaci a baya. Su Amurkawa sun ayyana 'yanci daga Ingila ran 4 ga Yuli 1776, jihohi 13 sunka ƙulla wata yarjejeniya da ta fara aiki 1781, amma gwamnatin tsakiya ba ta da ikon karɓar haraji sai dai ta roƙi jihohi, ga bashin yaƙi ya yi katutu, har manoma a jihar Masachuset sunka ɗauki makami a 1786 ƙarƙashin Daniel Shays. Wanga ciwo ne ya kai wakilan jihohi Filadelfiya don su gyara tsarin. Ku ma kowa ya faɗi inda ke mai ƙaiƙayi, a rubuta.

Daga nan ku fidda kwamiti, mutum bakwai ko tara sun isa. Wakilai 55 sunka halarci nasu zaman daga watan Mayu har 17 ga Satumba, George Washington na shugabanta, kuma sunka yi alkawari maganar ɗaki ba ta fita waje don mutum ya iya canza ra'ayi ba tare da jin kunya ba. Kada ku kai gardamar gurup ɗin WhatsApp, can kowa kafewa yake. Ku samu mai rubuta duk abin da anka tattauna, yadda James Madison, ɗaya daga cikin wakilan, ya yi.

To ga inda nake so ku tsaya sosai, kada iko ya taru hannun mutum guda ko da kuwa limamin unguwa ne ya shaide shi. Su sun raba uku, majalisa ta yi doka, shugaba ya zartar, kotu ta yi hukunci. Kuma akwai layi guda a kashi na 1 sashe na 9 na tsarin mulkinsu da na maimaita karantawa ya fi sau goma, cewa ba a fidda kuɗi daga baitulmali sai doka ta ware su, kuma a riƙa bayyana lissafin shiga da fita lokaci-lokaci. Da muna da wanga layi da ba mu shiga abin da munka shiga ba. Ku rubuta ciyaman ba ya riƙe kuɗi, ma'aji ba ya fiddawa sai taro ya amince, sa hannu biyu a banki, masu binciken lissafi kada su fito cikin shugabanni, kuma duk mitin sakataren kuɗi ya tashi tsaye ya karanto abin da ya shiga da abin da ya fita da rasit a hannu.

In kuna da shiyya babba da ƙarama za a yi rigimar wakilci, su ma sun yi. Sulhun shi ne majalisar wakilai bisa yawan jama'a, ta dattawa kowace jiha kujera biyu.

Haƙƙin mamba kuma tun farko za ku sa shi. Mutum 39 cikin wakilan sunka sa hannu kan tsarin mulkin, ɗaya daga cikin wakilan, George Mason, ya ƙi, cikin dalilansa babu jerin haƙƙoƙin mutane a takardar, sai 1791 anka ƙara gyara goma, ciki har da 'yancin addini, na magana, na taro, da cewa ba a raba mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa sai ta hanyar shari'a. Naku ya ce ba a korar mamba ko a ci shi tara sai an ji ta bakinsa. Akwai abin da bai dace ku kwaikwaya ba, sun bar bauta ta ci gaba, har suna ƙirga bayi biyar a matsayin uku wurin rabon kujeru, abin na sosa min rai. Ku duba wa kunka bari a waje, mata ne ko masu ƙaramin ƙarfi da ba su iya biyan kuɗin wata kan lokaci.

Ku sa wa'adi a rubuce. Washington, shugaban Amurka na farko, ya sauka da kansa a 1797 bayan zango biyu, amma sai 1951 iyakar zango biyu ta zama doka. Hanyar gyara ta kasance akwai amma da wuya, nasu sai kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da kashi uku cikin huɗu na jihohi, sau 27 kawai anka gyara.

In kwamiti ya gama a kira babban taro a karanta da Hausa layi-layi, ku tsai da adadin da za su amince kafin ya fara aiki, su jihohi 9 cikin 13 sunka sa. Sai a kai shagon kwamfuta a buga, kowane mamba ya sa hannu ya tafi da kwafinsa gida.