Gwaza a ruwan kifi: kurakuran da na gaji da gani

Tun da aka fara yayin haɗa tankin kifi da kwamin shuka mai cike da tsakuwa a gidajen Gombe, ruwa ɗaya yana zagayawa tsakaninsu, hotunan gwaza mai yaushi ba sa yankewa a wayata. Kowa sai ya ce iri ne ba shi da kyau, alhali yawanci irin lafiyarsa ƙalau.

Gaggawa ce ke fara kayar da mutane. A haɗa tanki yau, gobe a cika shi da kifi. Ƙazantar kifi amoniya ce, guba ce ga shi kansa kifin, sai bakteriya sun zauna a jikin tsakuwa sun mayar da ita takin da saiwa za ta iya sha. Wannan aikin sati 4 zuwa 6 ne. A fara da kifi kaɗan, abinci kaɗan. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe, kilorin ɗinsa ya fita.

Abin da ke ɓata mini rai kuwa shi ne masu cewa ai gwaza 'yar fadama ce, ruwa ba ya cutar da ita, don haka ko injin ruwa ya tsaya ba komai. Haba malam! Gwaza tana son ruwa, amma mai motsi, mai sanyi. Ruwan da ya tsaya ya ɗumama iskar cikinsa ƙarewa take yi, kuma nan garin a Afrilu zafi yana taɓa digiri 40. An taɓa ɗauke mana wuta da la'asar a irin wannan lokaci, ba a dawo da ita ba har gari ya waye. Tarwaɗa ta tsira, don ita tana hawowa ta shaƙi iska, amma karfasa duk ta juya ciki sama. Gwazar ta yi kamar ba abin da ya same ta, sai daga baya ganye ya fara faɗuwa. Da na tono, yatsa kawai na danna ya nutse a cikinta, ga wari. Aikin watanni ya tafi a dare ɗaya. In ba ka da kuɗin ƙaramin sola da batir, ka dakata da sayen kifin tukuna. Ni har rumfar zana nake yi wa tanki, kuma kwamina cika yake yi ya tsiyaye, saman tsakuwar kullum a bushe, zurfinsa bai gaza santimita 30 ba.

Sai tsakuwa. Jiharmu akwai dutsen farar ƙasa, shi ya kawo kamfanin siminti Ashaka. In irinsa ya shiga kwaminka, awon pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, zai yi ta hawa ya wuce 7, shuka ta kasa shan sinadarin ƙarfe, sabon ganye ya riƙa fitowa rawaya. Kafin ka biya mai tifa, matsa lemon tsami a kan 'yan ƙwayoyi. In ya yi kumfa, a kai kasuwa.

Kada ka sa gwaza a ramukan bututu kamar latas, ba inda za ta yi ƙwai. Maganin ƙwari kuma ko kusa, don kifi zai sha. Ni ruwa nake fesawa in wanke ganyen. In gefen tsofaffin ganye ya ƙone, ƙarancin sinadarin fotashiyam ne, nakan barbaɗa tokar murhu 'yar kaɗan sannan in auna ruwan, domin toka tana ɗaga pH. Irin da ganyensa ke da tabo mai ruwan ƙasa a bar wa mai shi, cutar ƙunar ganye ta yi wa manoman gwaza ɓarna a Najeriya tun 2009.

Masu tonowa a wata 3 don su ga ko ta yi, ku yi wa Allah ku bari. Sai ta kai wata 7 ko fiye, ganye ya fara ƙanƙancewa yana rawaya. In an cire a dafa ta sosai, ita da ganyen, in ba haka ba maƙogwaro ya sha ƙaiƙayi.